Hutu a jirgin ruwa: a faɗa wa mutanenmu cikakken lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci a kan wata talla da ake ta turawa a wayoyin mutane a nan Garwa da Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, wadda na ga irinta ta fara shigowa shafukan jaridu. Tallar tana kiran jama'a zuwa hutun mako guda a cikin jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum, tana kuma alkawarin cewa kuɗi ɗaya za a biya, ci da kwana da yawon ƙasashe duk suna ciki. Ni tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma a watan Oktoban da ya wuce ɗana da ke aiki a Marsai ta ƙasar Faransa ya ɗauki nauyin irin wannan tafiya gare ni da mahaifiyarsa. Tun da muka dawo ake tare ni a ƙofar masallaci da wuraren ɗaurin aure ana tambayata, wasu har da hoton tallar a waya, shi ya sa na ga gara in amsa sau ɗaya a inda kowa zai karanta.

Mu mutanen Garwa ba baƙin jirgin ruwa ba ne. Dattawanmu sun ga zamanin da jirage ke hawowa kogin Binuwai daga Nijeriya idan ruwa ya cika a watannin Agusta da Satumba, su sauke gishiri da siminti da yadi, su koma da auduga da gyaɗa, kafin hanyoyin mota su karɓe cinikin, sannan a gama madatsar Lagdo a 1982 tafiyar kogin ta sake fasali. Kakanninmu kuwa da suka tafi hajji ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan, sun san kwanakin da ake yi a kan Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Amma duk waɗannan jirage ne na kai mutum ko kaya wani wuri. Jirgin shaƙatawa kuwa otal ne aka ɗora a kan ruwa, inda ya ɗauke ka nan zai dawo ya ajiye ka, kuma abin da ake sayar maka shi ne zaman cikinsa. Mafi girman irinsu, kamar Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Namu bai kai wannan ba, amma sai da muka yi kwana biyu kafin Hajiya ta iya komawa ɗakinmu daga wurin cin abinci ba tare da ta ɓata ba.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lissafin kuɗi. Farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla ba ƙarya ba ne, sai dai an yi shi ne domin mutumin da ke zaune a bakin tekun, wanda zai hau bas daga gidansa ya sauka a tasha. Kuɗin ɗaki mafi araha ne, wato na ciki marar taga, wanda idan aka kashe fitila ba a sanin dare ne ko rana. Kuma na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, don haka wanda zai tafi shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu. Namu ɗakin ya tashi Yuro 600 kowane mutum. Tunda Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957 kuma ba ya motsi, wannan ya kama kusan sefa 394,000, kuɗin da ɗan kasuwa mai rufin asiri zai ji ya ce ai abin bai taka kara ya karya ba.

To amma kafin mutumin Garwa ya ga ko da inuwar jirgin, sai ya nemi bizar Shengen, wato izinin shiga rukunin ƙasashen Turai da suka haɗa biza ɗaya, wadda ɗan Kamaru da ɗan Cadi duk ba su da makawa sai da ita. Kuɗinta Yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, wato kusan sefa 59,000, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi idan aka hana mutum. Za a nemi takardun banki, da shaidar inda za a sauka, da inshorar lafiya wadda za ta iya biyan Yuro 30,000, kuma dole mutum ya je da ƙafarsa a ɗauki hoton yatsunsa. Mu sai da muka yi tafiyar kimanin kilomita 280 a mota zuwa Ngaundare, muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, muka zauna a gidan ɗan'uwa muna jiran ranar da aka ba mu. Bayan wannan ga tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa, wanda shi kaɗai ya fi kuɗin ɗakin, ga kuma kwana ɗaya aƙalla a birnin da za a tashi, domin mai hankali ba ya sauka daga jirgin sama a ranar da jirgin ruwa zai ɗaga. Mu mun huta da kuɗin otal saboda muna da ɗa a garin, ba kowa ke da wannan gata ba.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a ja kunnen mutane a kansa. Sau da yawa sai an nuna shaidar an kama ɗaki a jirgi kafin a duba takardun biza, alhali kamfanin jirgin bai ɗauki alhakin bizar kowa ba, kuma gwargwadon kusantowar ranar tashi, gwargwadon raguwar abin da zai mayar wa wanda ya fasa. Mutum zai iya biyan kuɗinsa cif, a hana shi biza saura mako biyu, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Haka kuma idan hanyar jirgin ta haɗa da tashar da ba ta cikin Shengen, kamar Tunis, to biza mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sai mai shiga da fita, kuma a bakin jirgi ake mayar da wanda takardunsa ba su cika ba. Wani wakilin tafiye-tafiye da na zauna da shi a nan garin bayan dawowata bai san da wannan ba sam, ga shi kuwa yana karɓar kafin alƙalami a hannun mutane.

Idan an shiga jirgin ma lissafi bai ƙare ba. A ƙofa ake ba kowa wani kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, shi ne kuma aljihu, domin ba a ciniki da tsabar kuɗi a ciki. Duk abin da ka ɗauka sai a goga katin, a rubuta maka bashi, a tara har daren ƙarshe. Wanda ya saba ƙirga kuɗi da hannu a kasuwa, ya ji zafin fitar kowace jaka, zai yi mamakin yadda hannu ke sakewa idan ba a ganin abin da ke fita. Abinci kyauta ne a babban zauren da kowa ke ɗiba da kansa da kuma ɗakin cin abincin dare, haka ruwan famfo da shayi a zauren. Amma ruwan gora da lemo da wankin kaya da ganin likitan jirgi duk da kuɗinsu. Intanet ma sayensa ake yi da tsada, kuma wanda ya bar layin wayarsa a buɗe a tsakiyar teku zai haɗu da hanyar sadarwar jirgin, wadda ke cinye kuɗi cikin 'yan mintoci. A kan duk wannan akwai ladan hidima da ake rubuta wa kowane baligi a kowane dare ko ya nema ko bai nema ba. Namu Yuro 12 ne, wanda a dare bakwai, mutum biyu, ya zama Yuro 168, fiye da sefa 110,000.

Ba na ƙorafi a kan wannan lada, kuma ban goyi bayan masu zuwa ofis su ce a cire musu shi ba. Yaron da ke gyara mana ɗaki Musulmi ne ɗan Indunusiya, ya ce mini watanni yake yi a kan ruwa ba ya ganin iyalinsa, kullum yana aiki tun safe har dare, kuma yawancin abokan aikinsa daga Filifin da Indiya da ƙasarsu suke. Wanda ya ga yadda suke tsaye a kan ƙafafunsu ba zai yi ƙyashin abin da ake ba su ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye shi a ƙananan baƙaƙe, sannan a rubuta wa mutane cewa komai yana ciki. Da muka zauna ni da ɗana muka haɗa komai tun daga tashar motar Garwa har dawowa, kuɗin ɗakin nan da aka yi talla da shi bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka kashe ba.

Sai batun ganin ƙasashe, wanda shi ne ya fi jan hankalin matasa. Mun tashi daga Marsai, muka tsaya a Janowa ta Italiya, da Cibitabekiya wadda ita ce tashar Roma, da Palermo a tsibirin Sisili, da Baleta ta Malta, muka yini ɗaya cur a kan ruwa, sannan Basalona ta Sifaniya, muka dawo. A takarda ƙasa huɗu ke nan a mako guda. A zahiri jirgin yakan iso da safe ya tashi da yamma, kuma idan aka cire lokacin layin fita da na komawa, abin da ya rage bai wuce a leƙa gari a sayi tsaraba ba. Roma tana da nisan kusan kilomita 80 daga tasharta, sai an yi fiye da awa ɗaya a jirgin ƙasa, ana tafe ana duban agogo, domin jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a roƙi direba ya ɗan jira. Wanda ya makara shi zai nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinsa. Yawon da kamfanin ke shiryawa da motocinsa ya fi kwanciyar hankali ta wannan fuska, amma shi ma saye ake yi, kuma ba da araha ba.

Palermo ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ita ce ta nuna mini iyakar irin wannan tafiya. Tun ina yaro a makarantar zaure nake jin sunan Asadu ɗan Furatu, alƙalin Ƙairawan ta ƙasar Tunusiya wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, amma ban taɓa kawo wa raina zan taka ƙasar da ya jagoranci runduna zuwa gare ta a shekarar 827 ba. Birnin ya shiga hannun Musulmi a 831, ya zauna a hannunsu fiye da shekara 200, kuma har yau a jikin wani ginshiƙi da ke ƙofar babban cocin garin akwai ayar Alƙur'ani da aka sassaƙa da Larabci. Na tsaya a gabanta ina ƙoƙarin haɗa baƙaƙen, ɗana yana taɓa ni yana nuna mini agogo. Wuri ne da ya cancanci mako guda, muka ba shi awa huɗu. A Malta kuma na ji masu kanti suna ƙirga wahid, tnen, tlata, suna kiran sunan Allah kamar yadda Larabawan Shuwa ke yi a kasuwar Kuseri, domin harshensu daga Larabci ya samo asali, ko da yake mutanen Kirista ne. Wanda burinsa ya san ƙasa da mutanenta, gara ya ɗauki kuɗin nan ya sauka a gari ɗaya ya zauna.

Tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce ta addini, kuma amsata ita ce abin yana yiwuwa, amma da shiri. Kafin mu tashi na je wurin malamin unguwarmu, ya tabbatar mini cewa mu matafiya ne, za mu yi ƙasaru, kuma a mazhabarmu mai salla a jirgin ruwa yana fuskantar alƙibla, idan jirgin ya juya shi ma ya juya in da hali, ya yi a tsaye sai in ya kasa. Wahalar ita ce gane alƙiblar. A Garwa gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, a can kuwa gabas ce maso kudu, kuma na'urar waya tana ruɗewa a cikin ƙarfen jirgi. Abin da ya cece mu shi ne wata tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgin ya sa gaba, daga nan muke ƙiyastawa. Babu masallaci a jirginmu, a ɗaki muke shimfiɗa darduma tsakanin gado da ƙofa, ɗaya bayan ɗaya saboda ƙuncin wurin. Babu buta a bayi, sai gorar ruwa muka mayar buta.

Abinci yana da yawa har ya wuce misali, amma naman alade yana ko'ina, wani a fili, wani a ɓoye cikin miya ko taliya, kuma masu dafuwar Turai suna zuba giya a wasu girke-girken. Mun tsaya a kan kifi da ƙwai da shinkafa da ganye da 'ya'yan itace, muna tambaya kafin mu ɗiba, kuma ma'aikata Musulmi sukan yi mana ishara da ido idan muka nufi abin da bai dace ba. Na tuna hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda wani mai hawa teku ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwanta, aka amsa masa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Hajiya ta so ta tafi da kilishi, ɗanmu ya hana, domin dokar Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara daga waje ba. Yajinta dai ya tsallake, kuma shi ya rufa mana asiri. Ba zan ɓoye ba, akwai mashaya a kusan kowane hawa, akwai gidan caca da ke buɗewa da zarar an bar tasha, kuma shigar da ake yi a bakin wurin iyo ba wadda magidanci zai so ya zauna da iyalinsa yana kallo ba ce. Jirgin yana da faɗin da za a kauce wa duk wannan, amma wanda zai tafi da 'ya'ya matasa ya san abin da zai tarar. Saudiyya ta fara gudanar da nata jirgin mai suna AROYA daga Jidda a ƙarshen 2024, da abincin halal da wuraren salla, kuma ina ganin masu shirya wa mutanenmu tafiya ya kamata su waiwayi wannan ɓangaren.

Game da tsoron nutsewa, wanda shi ne ya kusa hana Hajiya tafiya, kafin jirgi ya motsa sai da aka sa kowa ya san wurin taruwarsa da yadda ake ɗaura rigar ceto. An tsaurara wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Dare ɗaya kawai muka ji jiki, tsakanin Basalona da Marsai, inda iska ta taso, Hajiya ta kwana da jiri. Haɗarin da ya fi kusa da mutum, fiye da nutsewa, shi ne cuta, domin dubban mutane ne ke cin abinci wuri ɗaya suna taɓa cokali ɗaya, kuma duniya ta ga yadda korona ta kama fiye da mutum 700 a jirgin Diamond Princess a Japan a 2020. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganinsa isasshe a jakar hannu.

Duk da abin da na lissafa, ban yi nadama ba, kuma abin da ya biya ni ba ya cikin tallar. Bayan sallar asuba nakan hau can sama lokacin da masu raye-rayen dare ke barci, in zauna ni kaɗai ina kallon ruwa ta kowace fuska babu gaɓa, har rana ta ɓullo daga cikinsa. Mutumin da ya girma yana ganin Binuwai tana janyewa da rani har yara su taka ta da ƙafa, ba shi da ma'aunin da zai auna wannan da shi. Amma a daren da muka bar Sisili muka nufi Malta na kasa barci, domin na san ruwan da muke ketawa a cikin hasken fitilu da kiɗa shi ne wanda 'ya'yanmu ke shiga a jirgin roba daga Libiya, bayan sun ratsa hamada ta Agadas ko ta arewacin Cadi. Tsibirin Lamfedusa, inda fiye da mutum 360 suka nutse ranar 3 ga Oktoban 2013, yana kudu maso yammacin Malta, ba nisa. A unguwarmu akwai gidan da har yau ba su san ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da jira ba. Na faɗi wannan ne saboda hotunan da irina ke turowa daga saman jirgi suna shiga wayoyin yaran da ba za a taɓa ba su biza ba, kuma tun daga daren na daina tura nawa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan irin wannan talla ta zo jaridarka, a nemi mai ita ya rubuta farashin da sefa, ya bayyana irin ɗakin, ya faɗi tashar da za a hau da wanda zai biya kuɗin zuwa can, ya ambaci ladan hidima na kowane dare, ya kuma faɗa a fili nawa za a mayar wa mutum idan aka hana shi biza. Ina kuma ba da shawarar a tura wakilinku na Garwa ko na Jamena ya zagaya ofisoshin masu shirya tafiye-tafiye da waɗannan tambayoyi biyar, a buga amsoshinsu yadda suka bayar. Takardun tafiyarmu da rasit ɗin daren ƙarshe suna nan a ajiye, kuma a shirye nake in nuna wa wakilin naku su idan ya zo.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga unguwar Yelwa, Garwa, Jamhuriyar Kamaru.